Akurkin Tafi-da-gidanka a Wani Gida da ke Gefen Zariya

Gidan da wannan nazari ya shafa yana cikin sababbin unguwannin da suka tashi a gefen Zariya, inda gonaki ba su gama komawa filaye ba, kuma kangaye da ciyayi suka fi gidajen da aka tare a ciki yawa. Maigidan malamin makaranta ne, kajin kuwa na uwargida ne, kamar yadda aka saba a yawancin gidajen Hausawa: ita ke ba su tsaki da ruwa, ita ke sayarwa idan lalura ta taso, kuma a cikinsu ake kama wadda za a yanka wa baƙo. Kaji bakwai ne da zakara ɗaya, dukkansu na gida. Daga can ƙuryar gidan akwai fili mai ɗan faɗi da ake shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo a cikinsa da damina, katangar bulo ta kewaye shi ta ɓangarori uku, ɓangare na huɗu kuwa dangar kara ce kawai, tana kallon wani kango da ciyawa ta cinye.

Kajin ba su da matsalar ƙwai ko ta ƙyanƙyasa. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci na kwana 21, ta fito da mafi yawansu, kuma takan yi hakan kamar sau uku a shekara. Abin da ya addabi uwargidan shi ne, kafin 'yan tsakin su cika wata biyu sai a ga uwar tana yawo da biyu ko uku, wani zubin ma ita kaɗai. Garken bai taɓa ƙaruwa ba duk da yawan ƙyanƙyasar, domin abin da ke tsira bai wuce ya maye gurbin waɗanda aka yanka ko aka sayar ba.

Tantance masu ɓarnar

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya sai da aka zauna aka tantance masu ɓarnar, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne daraja a duk aikin, domin kowane mahari da lokacinsa, da hanyar da yake bi, da alamar da yake bari. Shirwa da shaho da rana suke zuwa, daga hantsi zuwa la'asar, su suri ɗan tsako guda su tashi, ba abin da za a ji sai kururuwar uwar. Ba banza ba aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, domin babbar kaza ta fi ƙarfin sura, kuma tana ganin inuwa take neman mafaka. Hankaka kuma ƙwai yake nema da 'yan tsakin da ba su daɗe da fitowa ba. Da dare sai muzuru ya hauro katanga, ya ɗauki ɗan tsako ko sagara, da safe a bi sawun gashi har bakin kango. Tunku ya fi shi ɓarna, saboda yana kutsawa ta ƙaramar kafa, ya ciji wuya ko kai, ya kashe fiye da abin da zai iya ci ya bar gawarwaki a wurin. Ɓera kan kashe ƙananan 'yan tsaki ya gaigaye su. Gafiya hatsin da ya zube take bi, amma ramin da ta haƙa shi ke zama hanyar wasu. Maciji kuwa ba ya barin ko ɓawo: ƙwai ne za a ga suna raguwa a ƙarƙashin mai kwanci, wani lokaci kuma a tarar da ita kanta a sanƙare ba tare da wani rauni da ido zai gani ba.

Da aka jera asarar shekarar da ta gabata bisa waɗannan alamomi, gwargwadon abin da mutanen gidan suka iya tunawa, sai ya bayyana cewa manyan kajin ba a cika taɓa su da rana ba, cewa surar sama ita ce ta cinye mafi yawan 'yan tsakin a makonninsu na farko, sannan cewa ɓarnar dare, duk da ba kullum take faruwa ba, idan ta zo takan share ƙyanƙyasa guda a lokaci ɗaya. Ke nan ana buƙatar abu biyu mabambanta: rufi daga sama ga masu jego da rana, da kuma makwanci marar kafa ga kowa da dare.

Akwai tsohon akurkin ƙasa a jikin katanga, wanda ake toshe bakinsa da guntun kwano da dutse. An yi tunanin gyara shi, aka fasa, domin ya tsattsage, kuma cikin tsagogin nan ne ƙuma da kaskar kaji ke ɓoyewa da rana su fito da dare su sha jini, har ta kai kajin sun ƙaurace masa suna kwana a kan danga. Gina ɗakin siminti ma bai dace ba, tunda filin nan ne maigidan yake shirin ƙara ɗakuna a kai idan hali ya samu. Ga kuma sha'awar uwargida ta a ce kashin kajin yana sauka kai tsaye inda za ta yi shuka. Waɗannan dalilai ne suka sa aka zaɓi akurkin da za a riƙa ja daga wuri zuwa wuri.

Ginin da kayan da suka shiga cikinsa

Sharaɗin da aka gindaya wa kafinta tun farko shi ne, dole uwargida da ɗanta mai shekara goma sha biyu su iya matsar da akurkin ba tare da jiran maigida ya dawo daga aiki ba. Kafintan ya so ya yi amfani da katako mai kauri da falankai, yana cewa abin da ba shi da nauyi ba ya ƙarko, kuma maganarsa gaskiya ce a aikin ƙofa ko gado. Amma akurkin da ya gagari ja zai zauna wuri guda ne har ya zama irin wanda aka gudo daga gare shi, don haka aka tsaya a kan katako mai inci biyu kowane gefe a duk jikin, sai dogayen katakai biyu na ƙasa da aka ɗan ƙara wa kauri saboda su ke gogar ƙasa.

Tsawon akurkin ƙafa takwas ne, faɗinsa ƙafa huɗu, wato fili na kusan murabba'in mita uku. An zaɓi wannan faɗi ne domin ya yi daidai da faɗin ragar da aka samu a kasuwa, a kauce wa yawan yanka da haɗi, tunda kowane haɗi wuri ne da zai iya buɗewa wata rana. A ƙarshe ɗaya aka ɗora ɗakin kwana na filawud, ƙafa uku a tsaye ƙafa huɗu a kwance, an ɗaga shi ƙafa biyu daga ƙasa, ta yadda ƙarƙashinsa ya zama inuwa. A ciki aka gitta sanduna biyu na hawa, kowacce ƙafa huɗu, wanda ya ishi kaji takwas idan aka ba kowacce santimita 25 ko fiye. Ƙofarsa waje take buɗewa, domin manyan kajin su fice kiwo da safe ba tare da sun bi ta kan 'yan tsakin da ke ƙasa ba. An shimfiɗa guntun kwano a daɓen ɗakin, wanda ake zarowa a kankare, a zuba ɓuntun shinkafa da toka a mayar.

Raga ita ce ta cinye fiye da rabin kuɗin aikin, kuma a kanta aka fi yin gardama. Siririyar ragar nan mai ido kusurwa shida, wadda aka fi sani da ragar kaji, tana da araha, amma aikinta shi ne hana kaza fita, ba hana dabba shiga ba: kare kan yage ta, ɓera da ƙaramin maciji kan ratsa idonta, kuma muzuru kan zura hannu ya jawo ɗan tsakon da ya kwanta a jikinta. Don haka aka sayi ragar walda mai ido murabba'i na rabin inci aka kewaye ɓangarorin da ita tun daga ƙasa, aka kuma rufe tagogin ɗakin kwana da ita. Siririyar ragar a saman filin akurkin kawai aka yi amfani da ita, inda shirwa da hankaka ne abin gudu. Wajen kafa ragar, kafintan ya fito da dabarar da ta cancanci a koya: ya tara murafen kwalaben lemo, ya buge kowanne da guduma ya baje, ya huda tsakiyarsa da ƙusa, sannan ya buga a kan ragar tazarar kamu ɗaya tsakanin ƙusa da ƙusa. Murfin yana danne wayoyi huɗu ko biyar a lokaci guda, saɓanin lanƙwasasshiyar ƙusa da ke riƙe waya ɗaya, wadda ja ɗaya mai ƙarfi ke zare ta.

Tayoyin baro guda biyu aka sa a ɓangaren ɗakin kwana, inda nauyin yake, bisa rodi ɗaya da mai walda ya gyara. An ɗaura su ne ta yadda ba sa taɓa ƙasa sai an ɗaga ɗaya ƙarshen ta hannaye biyu da aka bari a jikin katakon, kamar dai yadda ake tura baro. Idan aka sauke, katakan ƙasa ne ke zama daram, tayoyin su koma rataye. Da a ce akurkin a kan tayoyi yake zaune kullum, da an bar kafa a ƙarƙashinsa wadda tunku zai shiga a tsaye. An shafa wa katakan ƙasa baƙin mai ta waje saboda gara da laima, aka bar su a rana kwanaki har warin ya tafi kafin a sa kaji.

Inda akurkin ya gaza, da yadda aka gyara

Tun ranar da aka sa kaza ta farko da 'ya'yanta a ciki, surar sama ta tsaya cak. Duk tsawon bazara ba a rasa ɗan tsako ɗaya ga shirwa ba, har mutanen gidan suka ɗauka an gama. Amma akurkin da ba shi da daɓe yana da rauni guda da ba ya bayyana sai ƙasa ta canja, wato layin da katako ya haɗu da ƙasa. A busasshen fili mai laushi layin nan a rufe yake. Da ruwan farko ya sauka a watan Mayu aka yi kunyoyin kuɓewa, sai aka ja akurkin zuwa gefen da ƙasa ba ta daidaita ba, ruwan dare kuma ya zaizaye wata kusurwa ya bar kafa da ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. Da gari ya waye aka tarar da 'yan tsaki a warwatse da cizo a wuya, uwar ta maƙale a kusurwa gashinta a tashe, ga kuma sawun ƙafafu a bakin kafar, inda aka ƙara tone ta daga waje. Manyan kajin da ke sama ba abin da ya same su, saboda ɗakinsu yana da daɓe da sakata.

Wannan dare ya nuna cewa sauƙin ja da tsaro ba sa tafiya tare sai an yi musu dabara, domin duk abin da ya sa akurki ya rabu da ƙasa cikin sauƙi, shi ne ke ba mai tono hanya. A akurkin dindindin, akan binne raga a ƙasa ne a huta. A nan ba zai yiwu ba. An kuma yi shawarar shimfiɗa raga a duk ƙasan filin, amma hakan zai hana uwar tono, ya ji wa 'yan tsakin ciwo a ƙafa, ya kuma kawar da dalilin da ya sa aka yi akurkin tun asali.

Gyara biyu aka yi. Na farko, an yanka ragar walda mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi, aka ɗaura ta da zoben waya a jikin katakan ƙasa ta kowane ɓangare, ta yadda za ta kwanta a ƙasa ta waje kamar leɓe. Idan an sauke akurkin sai a shimfiɗa ta a danne da guntayen bulo, idan za a ja sai a naɗe ta sama a maƙale a ƙusa. Amfaninta ya dogara ne ga ɗabi'ar dabbar da ke tono, wadda take fara haƙa a gindin abin da ya tare ta: tana sa farce sai ta ci karo da waya, kuma ba ta cika ja da baya ta fara daga nesa ba. Na biyu, an ƙera ƙaramin akwati mai daɓen katako da ƙofa mai sakata aka ajiye a ƙarƙashin ɗakin sama, domin 'yan tsaki ba sa iya hawa tsani a makonninsu na farko. Da magariba uwar kan shige da 'ya'yanta, a zo a tura sakata. Daga nan ya zama doka a gidan cewa babu kazar da za ta kwana a kan ƙasa tsirara, kuma aikin rufe ƙofofin biyu aka ɗora wa yaron gidan, a tsakanin sallar magariba da ta isha'i, lokacin da kaji sun riga sun shige da kansu.

Maciji ya buƙaci wani tunani daban. Ragar rabin inci tana tare babba, amma abin da ke kawo shi shi ne ɓeraye da ƙwai. Saboda haka aka daina barin tsaki a cikin akurkin da dare, aka mayar da buhun dusa cikin durom mai murfi, aka riƙa kwashe ƙwai kullum in ba na kwanci ba, aka kuma sassabe ciyawar da ke bin danga har cikin bakin kangon. An gargaɗi yaran da kada su zura hannu ko fuska cikin akwati da duhu sai da tocila, domin cikin macizan da ke bin akurki akwai mai tofa dafi a ido. Kwarkwasa ma ta taɓa biyowa da damina. Maganinta a nan ya zo da sauƙi, tunda ana ganin layinta sai a ja akurkin zuwa wani gefe a barbaɗa toka mai yawa a kewayensa.

Zafi da iska sun kusa zama mahara su ma. A Maris da Afrilu kwano kan ɗauki zafin da zai iya kashe kaza, domin kaza ba ta gumi, haki kawai take yi da baki buɗe. An ɗora zana a kan kwanon, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, kuma a watannin nan akurkin ba ya barin inuwar darbejiyar da ke gefen katanga. Da hunturu akan rufe ɓangaren arewa maso gabas da buhu, inda iskar ke fitowa, a bar sauran a buɗe. Guguwar farkon damina kuwa, wadda ke tasowa daga gabas, tana iya kifar da abu marar nauyi irin wannan, don haka aka lanƙwasa guntayen rodi huɗu ana kafe kusurwoyin da su.

Ja, ciyarwa da lafiya

Da damina kullum ake matsar da akurkin tsawon jikinsa, da rani kuwa bayan kwana biyu ko uku. Wannan ba don tsafta kawai ba ne. Ƙwayar cutar da ke sa 'yan tsaki kashin jini tana fita ne cikin kashi, kuma tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyu a ƙasa mai ɗumi da laima kafin ta iya kama wata kazar, ƙwan tsutsar ciki kuma ya fi haka daɗewa. Idan an bar wurin kafin lokacin ya cika, an rage abin da 'yan tsakin za su tsattsaga su haɗiye. Ba a komawa inda aka tashi sai bayan makonni, kuma ba a shuka a wurin nan take, saboda ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. Wajen ja, a hankali ake tafiya, mutum ɗaya yana kallon katakon baya, domin ɗan tsakon da ya yi nauyin jiki yana iya shiga ƙarƙashinsa. Mafi sauƙi shi ne a ja da sassafe kafin a buɗe akwatin.

Wanda ya killace kaza ya ɗauki nauyin cikinta, kuma a nan ne kuɗin da ba a lissafa ba ya fito. Dusa kaɗai ba ta raya ɗan tsako. A makonni biyu na farko uwargida kan sayi abincin tsaki na kamfani a awo, daga baya ta koma haɗa tsakin masara da garin ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken soya, da ganyen zogale, da dakakken ɓawon ƙwai. Ta kuma farfaɗo da dabarar iyaye ta kama gara: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kifa a bakin shuri, washegari a zo a zazzage wa 'yan tsaki. Mazubin ruwansu marar zurfi ne, an zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe.

Raga ba ta tare annoba. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa musamman da hunturu, ba ta da magani sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin nau'in rigakafin da ake kira I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Abin da akurkin ya sauƙaƙa shi ne kamun: da sassafe duk kajin suna wuri guda, babu guje-guje a tsakar gida. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma ba ta shiga cikinsu sai ta yi mako biyu a ware.

Bayan gyaran, mafi yawan 'yan tsakin kowace ƙyanƙyasa suna kaiwa mako shida zuwa takwas, lokacin da gashinsu ya cika, suka san gudu zuwa mafaka, ake sakinsu su bi manya. Har yanzu akan rasa ɗaya ko biyu ga sanyi ko zawo, amma garken ya ƙaru har uwargida ta fara sayar da zakaru gab da Sallah, wanda hakan ya jawo wani mahari mai ƙafa biyu cikin lissafi. Akurkin da yaro zai iya ja, ɓarawo ma zai iya, don haka aka ƙara kwaɗo a ƙofar sama, kuma idan farashin kaji ya tashi akan kwana da shi kusa da tagar ɗakin maigida, an ɗaure shi da sarƙa. A ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya yin akurkin gaba ɗaya ba, ya fara da filin ƙasa da akwatin mai jego, domin a nan ne kuɗin ragar ke dawowa da sauri. Manyan kaji suna iya ci gaba da kiwonsu a sake muddin suna da makwanci mai rufuwa.

Abu biyu ne suka rage a gaban mutanen gidan. Leɓen ragar da ke kwance a ƙasa yana tsatsa da wuri saboda laima da kashi, don haka akan duba shi waya bayan waya kafin faɗuwar damina a canja ɓangaren da ya ruɓe. Sannan idan kaji biyu suka ƙyanƙyashe a mako guda, ba sa zama a fili ɗaya, domin kowacce tana saran 'ya'yan 'yar'uwarta. A yanzu ana raba filin da guntun raga a tsakiya, wanda ya matse su duka biyun, kuma an riga an yi magana da kafintan a kan ƙaramin keji na biyu, ƙafa huɗu kowane gefe, marar ɗakin sama da tayoyi, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka da hannu.